Takobi na zagaya jihohi, Mena na kwanan haya a ƙasashen mutane

A ranar 21 ga watan Maris na 2025, takardun hukumar FIFA sun nuna cewa Nijar ce mai masaukin baƙi a wasan neman gurbin Gasar Cin Kofin Duniya da ta yi da Maroko. Amma ba a Yamai aka buga wasan ba. A Ujda aka buga shi, wani birni da ke gabashin Maroko, a gaban 'yan kallon da kusan dukkansu baƙin suka zo mara wa baya. 'Yan wasan Mena ne suka fara jefa ƙwallo a raga jim kaɗan bayan dawowa daga hutun rabin lokaci, Maroko ta farke, sannan ta ƙara ta biyu ana dab da tashi. Aka tashi 2-1.

Wata uku kafin wannan, a ƙarshen Disambar 2024, birnin Dosso ya karɓi gasar kokawar gargajiya ta Takobin Ƙasa karo na 45. Filin Salma Ɗan Rani ya cika ya batse, gidan talabijin na ƙasa yana watsawa kai tsaye, a kasuwanni da tashoshin mota kuwa babu zancen da ake yi sai na wanda ya yi kaye da wanda ya sha ƙasa. A ranar ƙarshe Abba Ibrahim na Yamai ya kayar da Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, sarkin kokawar da ya ɗauki takobi har sau 6, kuma a gaban mutanen jiharsa.

Ƙasa ɗaya ce, tuta ɗaya. Wasa ɗaya yana da fili a kowace jiha, ɗayan kuwa ba shi da inda zai karɓi baƙo a duk faɗin ƙasar, saboda hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ba ta amince da filin Janar Seyni Kunce na Yamai ba.

Inda ake haifar 'yan kokawa

Wanda ke son fahimtar dalilin wannan bambanci sai ya bar Yamai ya kama babbar hanyar da ta yi gabas, ya wuce Dosso, ya shiga Dogon Dutsi, tafiyar kusan kilomita 270. Nan ce ƙasar Arewa. Ba Arewar da 'yan Najeriya ke nufi ba idan suna zancen siyasa, Arewa ce ta Arawa ko Mawri, wadda ta ƙunshi gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, ta kuma tsallaka iyaka zuwa yankin Kangiwa a Jihar Kebbi. A cikinta ne garin Lugu yake, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Labarin ya shiga littafin Abdullahi Mamani na 1980, daga nan ya shiga fim ɗin Med Hondo na 1986, har Sarauniya ta zama ɗaya daga cikin sunayen da Nijar ke gabatar da kanta da su. Yanki ne da ya saba ganin abin da ya tsiro a ƙauye ya zama na ƙasa baki ɗaya.

Haka kokawa take. A garuruwa irin su Lugu da Matankari da Ɗankasari da Gecame, lokacinta shi ne kaka, idan an yanke gero an kai rumbu, ƙarfi ya dawo jikin samari. Ba ta buƙatar takalmi, ba ta buƙatar raga ko ciyawa. Yashi ne kawai da ganga da mutanen da za su yi da'ira. Yaro yana fara ta da sa'o'insa a dandali, kuma tun yana ƙarami dattawa ke gane ko yana da ƙafa, ko yana da ƙugu, ko kuwa ƙarfi ne kawai ba dabara. Idan ya gagari 'yan garinsu, maƙwabta za su aiko a gayyace shi. Idan ya gagari maƙwabta, sunansa ya shiga bakin makaɗa, daga nan kuma babu mai iya ɓoye shi.

Abin da gwamnati ta yi shi ne ta kafa tsani a kan wannan al'ada. A 1975, shekara guda bayan juyin mulkin da ya kawo Seyni Kunce, aka shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya lashe ta. Manufar sojojin ba ɓoyayya ba ce: ƙasa ce mai faɗi da ta fito daga fari da yunwa, ga Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Abzinawa da Barebari, ana neman abin da kowa zai kalla ya ce nasa ne. Kokawa ta dace, domin kusan kowace ƙabila ta manoma tana da irinta.

Tsarin da aka gina yana da sauƙin ganewa. Kowace jiha daga cikin jihohi 8 tana tace 'yan kokawarta tun daga ƙasa har ta fitar da 10, su haɗu su 80. Wanda ya faɗi sau ɗaya, ya fita daga sahun masu neman takobi, ko da zai ci gaba da karawa don tara wa jiharsa maki. Masaukin gasar kuma yana zagayawa, yau Agadas, gobe Dosso, jibi wata jihar. Filayen ma sunayen tsoffin gwanaye aka sa musu: Kantu a Maraɗi, Langa-Langa a Damagaram, Salma Ɗan Rani a Dosso. Ma'ana saurayin da ke kokawa a bayan kasuwar Tibiri ya san matakan da ke tsakaninsa da takobi, zai iya lissafa su da yatsun hannu ɗaya, ya kuma san wasu da suka taka su.

Ƙwallon da ke sanye da kaki

Wannan saurayin, ko ƙanensa, yana buga ƙwallo kowace yamma. A Dogon Dutsi, kamar a Kano ko Maraɗi, rigunan Barcelona da Real Madrid sun fi ƙarfin ƙirge, gidajen kallo kuma suna cika a daren gasar zakarun Turai. Ba son ƙwallo ne ya yi ƙaranci ba. Matsalar ita ce idan ya ɗaga kai ya duba sama, ba ya ganin tsani.

A dubi jerin ƙungiyoyin da suka ci gasar lig ta Nijar daga 2013 zuwa 2025: ƙungiyar kwastan, ta askarawan Garde Nationale, ta soja, ta kamfanin mai na SONIDEP, ta jandarma, ta kamfanin lantarki na Nigelec. Duk na hukumomi ne, duk kuma a Yamai suke. Tsoffin ƙungiyoyin jama'a irin su Sahel da Olympic, waɗanda suka fi kowa yawan kofuna a tarihi, su ma na Yamai ne, kuma sun daɗe suna kallo daga baya. Rabon da kofin ya bar babban birni tun zamanin da Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauka a 1983, Espoir ta Damagaram ta bi baya a 1984. Yawancin masu karanta wannan rahoto ba a haife su ba a lokacin.

Ya kamata a yi wa ƙungiyoyin hukumomi adalci. Su ne ke iya biyan albashi a ƙarshen wata, su ɗauki nauyin tafiya daga Yamai zuwa Arlit, su kai ɗan wasa asibiti idan ya karye. Ba don su ba, wataƙila da lig ɗin ma babu. Ƙungiyar jandarma ce ta fitar da ƙasar kunya a kakar 2021 zuwa 2022, lokacin da ta kai matakin rukuni a gasar Confederation ta CAF, ta kara da Berkane ta Maroko da Simba ta Tanzaniya da ASEC ta Kodebuwa. Amma akwai abin da kuɗi ba ya saye. Mutum yana iya mutuwa a kan ƙungiyar garinsu. Da wuya ka samu wanda zai hana kansa barci saboda kwastan ta sha kashi a hannun kamfanin lantarki. A Kano, Pillars ko tana fama, filin Sani Abacha yana cika, domin sunan gari ne a ƙirjin rigar. A kokawa ma haka ne: ɗan kokawa yana shiga fili da sunan Dosso ko Tawa, makaɗi yana kiran garinsu da iyayen gidansa. Lig ɗin Nijar ya rasa wannan, shi ya sa ake buga manyan wasanninsa kujeru na kallon juna.

Daga irin wannan lig ne ake fatan fitar da tawagar ƙasa. Sunanta Mena, wata irin barewar sahara da a yau kaɗan suka rage a yankunan Termit da Abzin. Wanda ya zaɓi sunan gudu da kyau yake nufi, ba ƙarancin gani ba, amma tarihin ya zo da nasa fassarar.

Sau biyu kacal Mena ta je Gasar Cin Kofin Afirka. Na farko a 2012, a ƙarƙashin Haruna Dula, bayan ta fito daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masu bin ƙwallo ba za su manta da ranar ba: 'yan wasan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a fili suna zaton sun wuce, ashe ba su karanta dokar ba, sakamakon karawa tsakanin ƙungiyoyin da suka yi kunnen doki ake dubawa, kuma Nijar ce a gaba. CAF ta ba Dula kyautar gwarzon koci na 2011. A gasar kanta, Gabon da Tunisiya da Maroko duk suka doke Nijar, ƙwallo ɗaya ta ci. A 2013, da Gernot Rohr, ta samu maki ɗaya a canjaras da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ba ta ci ko ɗaya ba. Daga nan shiru.

Ba wai babu alamun rai ba ne. 'Yan ƙasa da shekara 17 sun je gasar duniya a Indiya a 2017, sun doke Koriya ta Arewa, sun tsallake rukuni. 'Yan wasan cikin gida sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN da aka yi a Aljeriya a farkon 2023. Sai dai kowane ƙarni ya taso, ya yi haske na ɗan lokaci, ya watse zuwa ƙananan ƙungiyoyi a ƙasashen waje, ba tare da an ga wanda zai gaje shi ba.

Darasi daga ƙasar ƙanƙara

Ba Nijar kaɗai ce ke da wasan da ta ɗaura wa sunanta ba. A Kanada, wasan hoki na kan ƙanƙara ne. Majalisar dokokin ƙasar ta ayyana shi a matsayin wasan ƙasa na lokacin sanyi a 1994, har an taɓa buga hoton yara suna yinsa a bayan takardar dala 5. Amma daga 1993, lokacin da ƙungiyar Montreal ta ɗauki Kofin Stanley, har zuwa 2025, babu ƙungiyar Kanada da ta sake ɗaukarsa. Ƙungiyar Toronto, wadda ke cikin mafi arziki da yawan magoya baya, rabonta da kofin tun 1967. Edmonton ta kai wasan ƙarshe a 2024 da 2025, sau biyun kuma ƙungiyar Florida ce ta doke ta, daga jihar Amurka da ƙanƙara baƙuwa ce a cikinta. A tsakiyar shekarun 1990 ma sai da biranen Kebek da Winnipeg suka wayi gari ƙungiyoyinsu sun ƙaura zuwa Amurka saboda kuɗi.

A Pakistan kuwa hoki na kan fili ne wasan ƙasa. Ta ci kofin duniya sau 4, ta ci zinare a Olamfik sau 3, amma ta kasa samun gurbin zuwa wasannin 2016 da 2020 da 2024.

A ƙasashen biyu, faɗuwar ƙungiya ciwo ne na ƙasa. Jaridu suna tambayar me ya same mu, ana kiran shugabannin wasan su yi bayani, domin wasan da ake shan kashi a cikinsa shi ne wanda mutane ke ganin kansu a ciki. A nan ne lamarin Nijar ya sha bamban. Alfaharin ƙasar an ajiye shi a wani wuri da baƙo ba ya iya taɓawa. A gasar takobi, ko wa ya faɗi, ɗan Nijar ne ya yi kaye. Don haka idan Mena ta sha kashi, abin ba ya kai wa ƙashi. A yi tsaki, a koma kallon Madrid, a jira lokacin kokawa. Ƙasar da tawagarta ta shafe shekaru tana karɓar baƙi a Kwatano da Marakesh da Lome da Berkan, har ta karɓi Aljeriya a Tunisiya a 2023, a ce hakan bai zama abin da ke hana hukumomi barci ba, to lallai zuciyar jama'a tana wani wuri.

Abin mamaki, ba wai ƙwallon Nijar ba ta da murya a sama ba ne. Shugaban hukumar FENIFOOT, Jibrilla Hima Hamidu da ake kira Pele, ya daɗe a kan kujera, kuma a watan Maris na 2025 aka zaɓe shi cikin majalisar FIFA. A watan ne aka buga wasan Ujda. Filin Seyni Kunce da aka buɗe a 1989 ya karɓi wasannin ƙasashen rainon Faransa a 2005, da gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, da ta 'yan ƙasa da 20 a 2019. Ba gini ne aka rasa ba, kulawa ce.

Takobin ma yana da iyaka

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka kokawa ta warware komai. Gasar kwana goma ce a shekara. Wanda ya ɗauki takobi yana samun kuɗi da kyaututtuka daga gwamnati da 'yan kasuwa da 'yan siyasa, amma sauran 79 fa? Mafi yawansu gona suke komawa, ko ci-rani, ko su raɓu da wani ubangida. Babu albashi, babu gasa ta mako-mako da za ta riƙe mutum. A Senegal, inda 'yan kasuwa ke shirya karawa su sayar da tikiti da talla, manyan 'yan kokawa sana'a suke yi. A Nijar har yanzu abin ya fi kama da bikin shekara da hukuma ke ɗaukar nauyi. Ga kuma ƙorafin da 'yan kallo ke yi duk shekara, na karawar da ake shafe mintuna ana zagaye ba wanda ya kai hannu saboda tsoron faɗuwa, da na jihohin da ke ɗauko gwanaye daga wasu jihohi su sa musu rigarsu.

A yankin Arewa ma, dandalin ba kamar da yake ba. Samari da yawa suna barin gida da zarar an gama girbi, wasu Yamai, wasu Najeriya ko Kwatano, wasu wuraren haƙar zinariya, wasu Libiya da Aljeriya. Matsalar tsaro da ta taɓa arewacin gundumar Dogon Dutsi ta sa taron dare ya zama abin da ake tunani kafin a kira.

Babbar iyakar ita ce kokawa ba ta tsallaka teku. Ɗan Nijar da ke aiki a Abijan ko Tripoli ko Brasels zai bi gasar takobi a wayarsa, ya yi musu da 'yan uwansa a WhatsApp har asuba. Amma abokin aikinsa ɗan Mali ko ɗan Gana bai san Isaka Isaka ba. Ranar da ake buga gasar Afirka, kowa ya sa rigar ƙasarsa, shi sai ya ari ta Najeriya ko ta Senegal. Lambobin Olamfik biyu da ƙasar ke da su, tagullar Isaka Dabore a dambe a 1972 da azurfar Abdul Razak Alfaga a taikwando a 2016, duk daga wasannin gaba-da-gaba suka fito, abin da ke nuna inda baiwar take. Amma sau ɗaya ake samun irinsu a shekara arba'in. Wasan da ke ɗaga tuta a idon duniya duk bayan 'yan watanni shi ne ƙwallo.

Maki ɗaya, sau biyu

Abin da ya fi ciwo shi ne tawagar yanzu ba ta lalace ba. Tun da Badu Zaki, tsohon mai tsaron ragar Maroko, ya karɓe ta a ƙarshen 2023, ta fara cizo. A Nuwambar 2024 ta lallasa Sudan 4-0 a Lome, bayan kwana huɗu ta bi Gana har Akara ta doke ta 2-1. Ta ƙare da maki 7, Sudan na da 8, Sudan ta tafi gasar Afirka.

A neman gurbin kofin duniya na 2026, bayan Maroko ta yi mata 5-0 a Rabat a watan Satumbar 2025, ta farfaɗo ta doke Tanzaniya da Kwango da Zambiya a jere, ta ƙare ta biyu a rukuninta da maki 15, ciki har da 3 da aka ba ta a kan tebur saboda Kwango ba ta halarci wasan farko ba. Ƙasashe huɗu mafi ƙoƙari cikin waɗanda suka zo na biyu ne ke samun damar wasan cike gurbi. Da aka yi lissafi, Kamaru da Najeriya da Burkina Faso da Nijar duk maki 15 gare su. Yawan ƙwallaye ne ya raba gardama: Kamaru da Najeriya suka wuce, Nijar mai rarar ƙwallo ɗaya tak ta tsaya.

Maki ɗaya zai ishe ta shiga gaban Super Eagles. Daga cikin wasanni uku da ta faɗi, biyu na gida ne a takarda: wanda Tanzaniya ta ci 1-0 a Marakesh a Nuwambar 2023, da wanda Maroko ta ƙwace a mintunan ƙarshe a Ujda. Babu wanda zai rantse cewa da a Yamai aka buga su, cikin zafin rana da ihun mutum dubu talatin, sakamakon zai canja. Amma a Yamai ɗin ne Mena ta doke Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo a kan hanyarta ta zuwa gasar 2012, alhali ba ta samo ko maki ɗaya daga waje ba. A wannan karon, cikin wasanninta huɗu na gida, babu wanda aka buga a ƙasar Nijar.